"Went" ko "gone"? Yadda ake zaɓar sigar aikatau ta abin da ya wuce a Turanci

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Alƙalin Alƙalan Najeriya na wancan lokaci, Mai Shari'a Olukayode Ariwoola, ya rantsar da Bola Ahmed Tinubu a matsayin shugaban ƙasa a dandalin Eagle Square da ke Abuja. Mai son ba da wannan labari da Turanci yana iya cewa "The Chief Justice swore him in", yana kuma iya cewa "He was sworn in". Lamari ɗaya ne, rana ɗaya, aikatau ɗaya, amma kalmar ta fito da fuska biyu: "swore" da "sworn". Da za a musanya su a rubuta "He was swore in", duk wanda ya san harshen zai ji jimlar ta yi masa karo a kunne.

Sigar farko ita ce Turawa ke kira "past tense", ta biyun kuma "past participle". Rikita su yana cikin kurakuran da suka fi yawa a rubutun Turanci, kuma kuskure ne mai tsada a Najeriya. Sai da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ake shiga jami'a, haka nan Turanci darasi ne na dole ga duk mai rubuta jarrabawar JAMB. Bayan an bar makaranta ma ba a tsira ba, domin takardar neman aiki da aka buɗe da "I have wrote" ta riga ta yi wa mai ita mummunar shaida tun kafin a duba sauran takardunsa.

Siga uku na aikatau

Ƙamus na Turanci yakan jera wa kowane aikatau siga uku, kamar "go, went, gone" ko "write, wrote, written". Ta farko ita ce tushe, ta biyu ita ce ta shuɗaɗɗen lokaci, ta uku kuma ita ce "past participle". Don sauƙi, a nan za a riƙa kiran su siga ta ɗaya, ta biyu da ta uku.

Mafi yawan kalmomin aikatau na Turanci suna bin ƙa'ida guda: a ƙara "ed" a ƙarshe, sai a sami siga ta biyu da ta uku a tare, kamar "work, worked, worked". Wannan sauƙi shi ne ke ɓoye matsalar. Ɗalibi zai iya rubuta "he arrived" da "he has arrived" daidai shekara da shekaru ba tare da ya san aiki biyu kalmar take yi ba. Asirin yana tonuwa ne ranar da ya haɗu da aikatau masu saɓa ƙa'ida, waɗanda yawansu ya kai kimanin 200. Ba su da yawa idan aka kwatanta da dubban da ke bin ƙa'ida, amma su ne aka fi amfani da su a kullum: "be", "have", "do", "go", "say", "see", "take" da "get" duk suna cikinsu.

Abin da ya raba siga ta biyu da ta uku ba daɗewar lamarin ba ne, kamar yadda wasu ke zato. Matsayin kalmar a cikin jimla shi ne ma'auni. Siga ta biyu tana tsayawa da ƙafarta, ita kaɗai take ɗaukar nauyin jimla, ba ta neman taimako: "She wrote the letter." Siga ta uku kuwa ba ta nuna lokaci da kanta, don haka ba ta iya zama jagorar jimla sai ta jingina da wata kalma.

Wurin da aka fi samun ta shi ne bayan "have", "has", "had" ko "having", kamar a "She has written the letter" da "They had gone before we came". Haka yake idan wasu mataimaka sun shigo gaba, muddin "have" ce ta ƙarshe a jerin: "You should have gone", ba "should have went" ba. Sai kuma bayan dangin "be", wato "is", "are", "was", "were", "been" da "being", lokacin da aka juya jimla aka sa wanda aikin ya faɗa wa a gaba: "The letter was written in Kano." A maganar yau da kullum "get" takan yi irin wannan aiki, kamar a "The glass got broken". Wuri na uku shi ne inda kalmar ta bar aikin aikatau ta koma sifa, tana bayyana suna: "a broken chair", "stolen goods".

Daga nan ake samun gwaji mafi sauƙi. A duba hagu da aikatau. Idan akwai ɗan gidan "have" ko na "be" da yake tafiya tare da shi, siga ta uku ake buƙata. Idan babu kowa sai mai aikin, siga ta biyu ce. Sai dai a lura cewa mataimakin yakan yi nisa da abokin tafiyarsa, musamman a tambaya ko idan wata kalma ta gitta: "Has the new commissioner spoken?" ko "He has never once driven a lorry." Yakan kuma ƙanƙance ya koma harafi ɗaya. A "He's gone", ƙaramar "s" tana wakiltar "has". A "He'd gone" kuwa "d" tana nufin "had", alhali a "He'd go" tana nufin "would", kuma sigar aikatau da ta biyo baya ce kaɗai ke fayyace wanda ake nufi. Saboda Turawa na haɗiye waɗannan ƙananan sautuka idan suna magana da sauri, mai koyo da kunne yakan ji "I've seen him" kamar "I seen him", ya ɗauka haka ake faɗa.

Inda Hausa ke taimakawa, da inda take ruɗarwa

Hausa ba ta canza jikin aikatau don nuna lokaci. Wakilin sunan da ke gabansa ne ke ɗaukar wannan nauyi: ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi. Shi ya sa Bahaushe ba shi da dalilin da zai yi tsammanin "go" za ta rikiɗe ta zama "went", sannan ta sake zama "gone". Ƙari a kan haka, "ya tafi" ta Hausa tana ɗaukar "he went" da "he has gone" duka biyu, mahallin magana ne ke warware ma'ana. Bambancin "sun zo" da "suka zo" ma ba shi ne bambancin Turanci ba, domin "sun zo jiya" da "jiya suka zo" duk "came" za a fassara su da ita.

Amma Hausa tana da abin da ya yi daidai da siga ta uku a aikinta na sifa, kuma kowane Bahaushe yana amfani da shi ba tare da tunani ba. Daga karya ake samun karyayye, daga rubuta rubutacce, daga sata satacce, daga ɓoye ɓoyayye, daga zaɓa zaɓaɓɓe. Waɗannan su ne "broken", "written", "stolen", "hidden" da "chosen". Daskararren kifi shi ne "frozen fish", ba "froze fish" ba, kamar yadda ba a cewa "daskare kifi" a Hausa idan ana nufin bayyana yanayin kifin. Duk inda Hausa ta kawo irin wannan kalma mai maimaita baƙi, siga ta uku Turanci zai kawo.

Alama ta biyu ita ce "an" da "aka". Inda Hausa ta ce an kama shi, an sace motar, an haife ta a Gusau, ba tare da ambaton wanda ya yi aikin ba, Turanci yakan juya jimla ne: "he was caught", "the car was stolen", "she was born in Gusau". Mai fassara daga Hausa da ya ga "an" yana iya sa ran "was" ko "were" ko "has been", tare da siga ta uku.

Masu jin Pidgin suna da wata tsani. Kalmar "don" a "e don go" tana yin kusan aikin da "has" ke yi a "he has gone". Bambancin shi ne Pidgin, kamar Hausa, ba ya taɓa jikin aikatau, don haka mai hawa daga Pidgin zuwa daidaitaccen Turanci yakan maye gurbin "don" da "has" ya manta da sauya abin da ke biye, sai a ji "he has go".

Tarkuna biyu

Na farko shi ne "did". Ganin cewa kalma ce ta shuɗaɗɗen lokaci, mutane da dama kan bi ta da siga ta biyu, su ce "Did you went?" ko "I did not saw him". Alhali "did" ta riga ta ɗauke nauyin lokaci, abin da ke bin ta sai ya koma tushe: "Did you go?", "I did not see him". Haka yake bayan "will", "can", "could", "should", "must" da ƙaramar "to". Ke nan ba kowane mataimaki ne ke jawo siga ta uku ba, "have" da "be" ne kawai, sai "get" a wasu wurare.

Na biyu ya fi yawa a takardun ofis da sanarwar hukuma: "been" da "being". A bakin 'yan Najeriya da yawa kalmomin biyu suna fita da sauti kusan ɗaya, sai rubutu ya bi baki. "Been" siga ta uku ce ta "be", don haka dangin "have" take bi. "Being" kuwa dangin "be" take bi. Ma'anarsu ta yi hannun riga: "The road has been repaired" na nufin an gama gyaran hanyar, "The road is being repaired" na nufin ana cikin gyaran. Wanda ya rubuta "The salaries are been paid" ya bar ma'aikata cikin duhu, ba su san ko an biya ba ko ana kan biya.

"He went" ko "he has gone"

Akwai lokacin da jimloli biyun duk suna daidai ta fuskar gini, zaɓin ya koma kan ma'ana. A nan ƙa'idar ita ce: idan an ambaci takamaiman lokacin da ya wuce ya ƙare, kamar "yesterday", "last week", "two years ago" ko wata shekara, siga ta biyu ake amfani da ita ita kaɗai. Ana cewa "Nigeria gained independence in 1960". Ba a cewa "has gained independence in 1960", ko da yake 'yancin yana nan har yau, domin ambaton shekarar ya rufe ƙofa.

Haɗin "have" da siga ta uku kuwa yana ɗaure abin da ya wuce da yanzu. Ana amfani da shi idan lamarin ya fara a baya yana ci gaba, kamar "Abuja has been the capital since 1991", ko idan sakamakonsa ne abin dubawa, ko idan ana maganar abin da mutum ya taɓa yi a rayuwarsa ba tare da faɗin yaushe ba. "He lived in Jos for ten years" na nuna ya bar Jos. "He has lived in Jos for ten years" na nuna yana can har yanzu. Haka "She has gone to Lagos" na nufin ta tafi ba ta dawo ba, "She has been to Lagos" na nufin ta taɓa zuwa ta dawo.

Masu rubuta labarai suna amfani da wannan bambanci kullum. Jimlar farko takan zo da "has" don nuna sabon abu ne, ta biyu ta koma siga ta biyu da zarar an faɗi rana: "The governor has signed the budget. He signed it on Tuesday." Shi kuma "had" da siga ta uku ana ajiye shi ne don abin da ya riga wani abin da ya wuce, kamar "The thieves had fled before the police came". Ba ado ba ne da za a yayyafa wa kowace jimla don ta yi nauyi, ko da yake wasu marubuta haka suke yi da shi.

Kanun labarai na jaridun Turanci suna da nasu ruɗanin. Don tsimin wuri, ana jefar da "is", "was" ko "has been" a bar siga ta uku tsirara. "Suspect arrested in Kaduna" ba ta nufin wanda ake zargi ne ya kama wani, shi aka kama. Aikatau mai saɓa ƙa'ida ne ke tona wannan: "Minister sworn in" ake rubutawa, "Bridge blown up" ake rubutawa. Irin wannan taƙaitawa tana faruwa a cikin jimla ma. A "The man arrested yesterday escaped", kalmomi biyu suna ƙarewa da "ed", amma ta farkon siga ta uku ce mai bayyana wane mutum, ta biyun ce aikatau na ainihi.

Dangogin da suka fi ba da wahala

Akwai waɗanda wasalinsu ke sauyawa daga "i" zuwa "a" zuwa "u": "begin, began, begun", "drink, drank, drunk", "sing, sang, sung", "sink, sank, sunk", "swim, swam, swum". Mai "a" ita ke tsayawa ita kaɗai, mai "u" ita ke bin mataimaki: "The boat sank", amma "The boat has sunk". Akwai kuma waɗanda siga ta ukunsu ke ƙarewa da "n", kamar "taken", "given", "spoken", "known", "risen" da "torn". Wannan "n" alama ce mai amfani, domin kusan duk inda sigogin biyu suka bambanta ɗaya na ƙarewa da ita, ita ce ta uku. "Come" da "run" da "become" sukan koma gida, siga ta uku ta yi daidai da ta ɗaya: "He has come", ba "has came" ba. "Beat" kuwa ta ɗaya da ta biyu ne suka yi kama. Game da wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka buga a Abidjan ranar 11 ga Fabrairu, 2024, wanda Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2 da 1, ana iya cewa "Ivory Coast beat Nigeria" ko "Nigeria were beaten".

Wasu ba sa sauyawa ko kaɗan: "put", "cut", "hit", "split", "burst", "spread", "cast". Ranar zaɓe akan ji "he casted his vote" a bakin mutane da dama, alhali "cast" ce a duk sigogin uku. "Cost" ma haka take idan ana maganar kuɗin abu, sai dai akwai "costed" a harshen masu lissafin kwangila, da ma'anar an ƙiyasta abin da aiki zai ci. "Broadcast" ita ce sigar da gidajen rediyo suka fi riƙo da ita, ko da yake wasu ƙamusoshi sun karɓi "broadcasted". Daƙaƙƙen barkono kuma "ground pepper" ne, daga "grind, ground, ground", ba "grinded" ba.

Mafi haɗari su ne tagwayen da sigar ɗaya take zama tushen ɗaya. "Found" siga ta biyu da ta uku ce ta "find", wato samu, amma akwai wani aikatau daban, "found, founded, founded", wato kafa. Wanda ya rubuta cewa Jami'ar Ahmadu Bello "was found in 1962" ya ce tsintar ta aka yi a wannan shekara. Haka "rise, rose, risen" na nufin abu ya tashi da kansa, "raise, raised, raised" na nufin wani ya ɗaga shi: "Prices have risen", amma "Marketers have raised the price". Sai "lie" da "lay", waɗanda ke kayar da Turawa kansu. "Lie, lay, lain" kwanciya ce. "Lay, laid, laid" ajiyewa ko shimfiɗawa ce, kuma dole a ambaci abin da aka ajiye. "Lie, lied, lied" ƙarya ce. Furannin da shugaban ƙasa ke ajiyewa ranar 15 ga Janairu don tunawa da sojojin da suka kwanta dama, "laid a wreath" ake cewa.

"Hang" tana da siga biyu bisa ma'ana: riga ko hoto "hung", wanda kotu ta yanke wa hukuncin rataya "hanged". "Bear" ma haka: haihuwa "born", ɗauka ko yaɗawa "borne", shi ya sa cututtukan da ruwa ke yaɗawa irin su kwalara ake kiran su "water-borne diseases".

Asalin wannan cakuɗa

Waɗannan sigogi ragowar tsohon tsari ne. Tsohon Turanci, kamar Jamusanci ɗan'uwansa, yana da rukunin aikatau da ke nuna lokaci ta sauya wasali, da wani rukunin da ke ƙara ɗafi a ƙarshe. Masanin harshe ɗan Jamus Jacob Grimm ne, a ƙarni na 19, ya kira na farko "masu ƙarfi", na biyu "masu rauni". Da tafiya ta yi tafiya, masu raunin ne suka rinjaya. "Help" a da tana da "holp" da "holpen", yau ta koma "helped". Ita kuwa "went" ba ma daga "go" ta fito ba, aro aka yi daga wani aikatau, "wend".

Wani bincike da masana daga Jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar Nature a 2007 ya bi diddigin aikatau 177 masu saɓa ƙa'ida a Tsohon Turanci. Ya gano 145 ne suka rage a haka a Turancin tsakiyar zamani, 98 kuma a na yau. Waɗanda ba a cika amfani da su ba su ne suka fi saurin komawa "ed", waɗanda ke bakin mutane kullum suka ƙi sauyawa.

Ingila da Amurka ma ba su daidaita a kan komai ba. Turancin Ingila, wanda makarantun Najeriya suka gada, yana cewa "get, got, got", na Amurka kuma yana riƙe da tsohuwar siga "gotten", wadda Ingila ta bari sai a cikin "forgotten" da "ill-gotten wealth", lafazin da ya zama ruwan dare a labaran yaƙi da cin hanci. Ingila tana karɓar "learnt", "burnt" da "spelt" tare da "learned", "burned" da "spelled", Amurka ta fi son masu "ed". A wajen "dive" abin ya juye: Ingila "dived", Amurkawa da yawa "dove". Ba'amurke yana iya tambaya "Did you eat yet?" inda Baturen Ingila zai ce "Have you eaten yet?" Duka biyun karɓaɓɓu ne a gidajensu, abin da editoci da malamai ke ƙi shi ne a gauraya su a rubutu ɗaya, a rubuta "learnt" a sakin layi na farko, "gotten" a na biyu.